Yadda Ake Zaɓen Takalmin da Ruwa Ba Ya Shiga Domin Hawan Keke a Duwatsun Bauchi

Tun da ruwan bana ya sauka, tambayar da matasa masu hawan keke suka fi yi mini, ko a rumfar mai faci ko idan mun tsaya shan iska a gindin Dutsen Zaranda, ita ce wane irin takalmi ne zai hana ƙafa jiƙewa. Wasu sukan ciro waya su nuna mini hoton takalmin da Turawa ke sawa su hau duwatsu cikin dusar ƙanƙara, su ce irinsa suke nema. Amsar da nake bayarwa a tsaye ba ta wadatarwa, domin zaɓen wannan takalmi yana da matakai, kuma wanda ya tsallake na farko yakan yi asarar kuɗinsa tun kafin ya kai na uku. Shi ya sa na jera su a nan bi da bi.

Kafin a fara, a tanadi waɗannan: farar takarda babba, biro, tef ɗin awo irin na tela, safar da za a riƙa hawa da ita, ƙaramar tocila, baho ko bokiti mai faɗi, tishu, da tarin tsofaffin jaridu. Duk za a ga amfaninsu a gaba.

1. Tantance lokacin hawa da irin ruwan da za ka tarar

Takalmin hawan keke na lokacin sanyin Turai an yi shi ne domin ya yi aiki biyu lokaci guda, wato ya tare ruwa kuma ya riƙe ɗumi, saboda a can ruwa da sanyi tare suke zuwa, kuma ma'aunin zafi yakan sauka zuwa sifili ko ƙasa da haka. Mu a nan ruwanmu daban, sanyinmu daban. Damina takan kankama daga Yuni zuwa Satumba, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta lokacin marka, kuma duk da ruwan, gari da ɗuminsa. Hunturu kuwa yana zuwa ne a Disamba da Janairu, da asuba sanyin yakan sauka ƙasa da digiri 15, amma ƙasa a bushe take ƙayau, sai ƙura da hazo.

Saboda haka ka fara tambayar kanka: da wane ruwa nake haɗuwa? Akwai raɓar safiya da ke kan ciyawa, wadda ke jiƙa gaban takalmi a ƙananan hanyoyin gona. Akwai feshin tayar gaba, wanda ke watso ruwa da taɓo a kan ƙafa ba ƙaƙƙautawa. Akwai ruwan sama da ke gangarowa ta ƙauri. Akwai kuma rafi da ƙorama da dole a tsallaka, kamar yadda duk wanda ya bi ƙauyukan Dass ko Toro a watan Agusta ya sani. Na farko da na biyu takalmi mai kyau yana maganinsu. Na uku sai da taimakon wando da safa. Na huɗu kuwa, idan ruwan ya wuce idon sawu, babu takalmin keke da zai hana shi shiga, kuma da zarar ya shiga, abin da aka sa ya tare ruwa daga waje shi ne zai hana shi fita.

Gargaɗi: kada ka sayi takalmi mai kauri da aka shimfiɗa wa abu mai kama da auduga ko gashi a ciki domin ɗumi, irin wanda za ka ga an rubuta Thinsulate ko PrimaLoft a jikinsa, matuƙar da damina za ka yi amfani da shi. Na taɓa sayen irinsa a gwanjo saboda kyansa ya ruɗe ni, na nufi wajen Dass da shi wata Asabar, ɗigon ruwa bai shiga ba, amma da na cire shi da azahar sai da na matse zufa daga safata, kuma kwana uku ina fama da cin ruwa a tsakanin yatsu. Irin wannan takalmi sai ga mai fita da sassafe a tsakiyar hunturu, musamman a tuddan da ke iyaka da Filato inda sanyin ya fi tsanani.

2. Duba fedar kekenka kafin ka duba takalmi

Wannan mataki gajere ne, amma shi ne aka fi mantawa da shi. Feda iri biyu ce a kekunan hawan dutse.

Ta farko shimfiɗaɗɗiya ce, wadda ake ɗora ƙafa kawai, wata da ƙananan ƙusoshi a samanta domin su kama takalmi. Mafi yawan kekunanmu irinta ce a jikinsu. Wannan tana buƙatar takalmi mai shimfiɗaɗɗen tafi da roba mai ɗan laushi, yadda ƙusoshin za su nutse a ciki. Takalmin da ke da manyan haƙora a ƙasa, irin na sojoji ko na masu tafiya a daji, ba ya zama daidai a kan irin wannan feda, domin haƙora biyu ko uku ne kawai ke taɓa ta, kuma idan ta jiƙe ƙafa takan zame ta bar ƙauri ya daki ƙarfe.

Ta biyu ita ce mai maƙalewa, wadda aka fi sani da SPD ta kamfanin Shimano, inda ake ɗaura wani ɗan ƙarfe a ƙasan takalmi da ƙusoshi biyu, ya shiga cikin fedar ya kulle. Idan irin wannan ce a kekenka, dole takalmin ya zama yana da ramin ƙusoshi biyu, kuma ramin ya zama a loɓe cikin tafin, yadda za ka iya taka dutse ba tare da ƙarfen ya taɓa ƙasa ba.

Gargaɗi: a gwanjo ana yawan samun takalmin masu tseren kwalta, mai ramin ƙusoshi uku da tafi mai santsi kamar faranti. Ba na dutse ba ne. Ba ya shiga fedar SPD, kuma taku ɗaya a kan jiƙaƙƙen falalen dutse ya isa ya kayar da kai.

3. Zaɓi nau'in da ya dace da aljihunka

Hanyoyi huɗu ne a gabanka, kuma ba lallai mafi tsada ce ta fi dacewa da kai ba.

Hanya ta farko ita ce takalmin keke na ainihi da aka saka wa wata siririyar shimfiɗa tsakanin fatar waje da rufin ciki, wadda ke tare ɗigon ruwa amma take barin tururin zufa ya fita. Wadda ta fi shahara ita ce Gore-Tex, kuma idan ka ga haruffan GTX a ƙarshen sunan takalmi, ita ake nufi. Ga masu feda mai maƙalewa akwai jerin MW na Shimano, amma a tuna cewa don sanyi aka yi su, suna da ɗumi. Ga masu shimfiɗaɗɗiyar feda akwai irin su Five Ten Trailcross GTX, wanda ya fi dacewa da yanayinmu domin ba shi da kauri sosai. Sabon irin waɗannan a Turai ko Amurka yakan kama daga wajen dala 150 zuwa sama da dala 250, ban da kuɗin aikowa, don haka yawancinmu a gwanjo muke nemansu. A sani kuma cewa shimfiɗar tana fitar da zufa sosai ne idan waje ya fi cikin takalmin sanyi da bushewa. A ranar da aka yi ruwa rana kuma ta buɗe, ƙasa na tururi, aikinta yana raguwa ƙwarai, kuma ƙafa za ta ɗan yi danshi ko da ruwa bai shiga ba.

Hanya ta biyu, wadda ni na fi ba sabon shiga shawara a kanta, ita ce a haɗa takalmi marar nauyi mai saurin bushewa da safar da ruwa ba ya ratsawa, irin ta Sealskinz ko DexShell. Takalmin zai jiƙe, amma ƙafa tana bushe, kuma safar takan hau har tsakiyar ƙauri, wato ta fi takalmin keke tsawo. Sabuwa takan kama wajen dala 40 zuwa 60. Wani alfanunta shi ne ana iya juya ta a wanke a shanya ta bushe cikin dare ɗaya, alhali takalmi mai shimfiɗa idan ya sha ruwa yakan kwana biyu bai bushe ba a lokacin marka.

Hanya ta uku ita ce rigar takalmi, wata jaka mai taushi da ake zurawa a kan takalmin da kake da shi, a ja zif ta baya. Tana da kyau a kan kwalta, amma a duwatsunmu inda ake yawan sauka a tura keke, ƙasanta ba ya daɗewa yake yagewa. Ban ga dalilin kashe kuɗi a kanta ba sai ga wanda ba ya barin titi.

Hanya ta huɗu ita ce dogon takalmin roba irin na manoman fadama da masu aikin gini. Shi ne mafi araha, ana samunsa a Wunti da Muda Lawal da kowace babbar kasuwa, kuma gaskiya ruwa ba ya ratsa shi. Ga wanda zai taka keke a hankali zuwa gona, ya wadatar. Amma ga gangaren dutse ban yarda da shi ba ko kaɗan: ƙafa tana yawo a ciki, zufa ba ta da mafita, bakinsa mai faɗi yana iya kama sarƙa, kuma idan ya cika da ruwa a rafi yakan yi nauyin da zai hana ka ɗaga ƙafa da sauri.

Game da farashin gwanjo, yana sauyawa da canjin dala da kuma lokacin da aka buɗe dila, saboda haka ka taya a wurare uku kafin ka biya, kuma ka ware wani abu na safa da gam daga cikin kuɗin da ka tanada. An fi samun sauƙi da rani, lokacin da babu mai neman irin wannan takalmi.

4. Auna ƙafarka da yamma

Ƙafa takan ɗan kumbura da yamma, haka nan takan kumbura bayan an daɗe ana taka feda, don haka awon safiya yakan yi kaɗan. Ka sa safar da za ka riƙa hawa da ita, ka taka takarda kana tsaye, wani ya zagaye ƙafar da biro a miƙe, sannan a auna daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo. A auna ƙafafu biyun, a ɗauki awon wadda ta fi girma, a ƙara kamar santimita ɗaya.

Takalman gwanjo suna zuwa da lambobi iri-iri a ƙarƙashin harshensu. Lambar Turai 42 ta yi kusan daidai da lambar Ingila 8, kuma tsakanin lambar Turai da mai bi mata akwai kashi biyu bisa uku na santimita. Amma kamfanoni ba sa daidaita da juna, don haka idan akwai awon santimita a rubuce, shi ne abin dogaro. Idan da safa mai tare ruwa za ka yi amfani, ka ƙara rabin lamba ko lamba ɗaya, domin ta fi safar yau da kullum kauri.

Gargaɗi: kada ka yarda da maganar cewa zai buɗe idan an saba sa shi. Fata takan buɗe, amma takalmi mai shimfiɗar tare ruwa kusan ba ya buɗewa. Matsattsen takalmi yana hana jini gudana, shi ne ke sa yatsu su yi sanyi su mutu da asubar hunturu, kuma farcen babban yatsa yakan huda shimfiɗar daga ciki.

5. Bincika takalmin a hannu kafin ciniki

A nan ne ake cin riba ko a yi asara, don haka kada ka yi gaggawa ko da mai kaya yana cewa wani ya riga ya taya.

Fara da rubutun da ke jiki. Kalmar "waterproof" ita ce ke nufin ruwa ba ya shiga. Idan ka ga "water resistant" ko "water repellent", ma'anarsa yana jure yayyafi da raɓa ne kawai na ɗan lokaci. Amma rubutu ba hujja ba ne, domin jabu ya yi yawa, kuma ɗinka tambari a gefen takalmi ba wuya. Ka cire shimfiɗar tafin ƙafa da ke ciki, ka haska tocila. A na ainihi za ka ga rufin ciki a haɗe yake kamar safa guda, kuma an bi kan ɗinkin da wani siririn tef an manne. Idan ka ga zare a fili da ramukan allura babu abin da ya rufe su, ajiye shi.

Sai harshen takalmin. Ka ja shi gaba ka duba gefensa biyu. Dole ya kasance an haɗe shi da jikin takalmin da wani ƙyalle, ba a sake yake ba. Inda wannan haɗin ya ƙare, nan ne iyakar zurfin ruwan da takalmin zai iya jurewa, ko da kuwa wuyansa ya fi haka tsawo. Mutane da yawa suna kallon tsawon wuya su manta da wannan. Wuyan kansa ya fi kyau ya rufe idon sawu kuma ya kasance mai taushi yana kama ƙafa, domin ya tare feshin taya da tsakuwa, amma kada ya yi tauri har ya hana ƙafa lanƙwasa a kan feda.

Daga nan ka duba wurare biyu da shimfiɗar ke fara mutuwa a tsohon takalmi: inda yake lanƙwashewa a gindin yatsu, da bayan dunduniya daga ciki. Ka zura hannu ka shafa. Idan rufin ya goge ko ya ɓule a ɗaya daga cikinsu, ruwa zai shiga ta nan.

Tafin takalmin yana buƙatar gwaji uku. Ka lanƙwasa shi da hannu biyu: ya kamata ya yi tauri a tsakiya, ya ɗan ba da kai a wajen yatsu kawai, domin mai laushi sosai yana sa tafin ƙafa ciwo a doguwar tafiya, mai tauri kamar katako kuma ba ya takuwa a dutse. Ka murɗa shi kamar mai matse wanki, kana kallon inda roba ta haɗu da jiki, ko baki zai buɗe. Sannan ka danna farce a soson da ke tsakanin robar ƙasa da jikin takalmin. Wani irin soso da ake yin takalma da shi yana ruɓewa idan ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi da danshi, ko da ba a taɓa sa takalmin ba. Idan ya yi danƙo a hannu, ko ya marmashe kamar busasshen burodi, to takalmin ya gama, kuma babu gam ɗin da zai riƙe shi. Wannan ne ya sa wani takalmin gwanjo yake sheƙi kamar sabo, amma tafinsa ya rabu da shi a fita ta biyu.

Zanen ƙasan ma abin dubawa ne. Duwatsunmu na Bauchi idan suka jiƙe, musamman inda gansakuka ta kama, santsinsu ba kaɗan ba ne, kuma babu wanda ke hawa Dutsen Mbula ko Zaranda bai sauka ya tura ko ya saɓa kekensa a kafaɗa ba. Mafi dacewa shi ne tafin da ke shimfiɗe a tsakiya inda feda ke zama, da haƙora a gaba da baya domin taku.

Na ƙarshe shi ne abin ɗauri. Igiya ta fi komai sauƙin sha'ani, domin idan ta tsinke ko a ƙauye za ka samu wata. Maɗauri mai mannewa yana daina kamawa idan laka da ƙarangiya suka cika shi. Zif yana cijewa da ƙura. Akwai kuma mai ɗan maɓalli da ake murɗawa ya ja siririyar waya, wanda ake kira BOA, yana da daɗin sha'ani ƙwarai, amma idan ya lalace samun kayan gyaransa a nan aiki ne, don haka ka murɗa ka saki sau da yawa kafin ka saya.

Gargaɗi: idan mai igiya ka zaɓa, kullum ka cusa bakin igiyar ƙafar dama a ƙarƙashin ɗaurin. Igiyar da ta shiga tsakanin sarƙa da haƙoranta a kan gangare tana iya jefar da mutum.

6. Yi gwajin baho

Gani ya kori ji. Ka nemi mai kaya ya yarda cewa za ka gwada a gida ka dawo da shi washegari idan ya yi yoyo. Idan kana da wanda kuka saba ciniki, wannan ba ya wuya, kuma ya fi ragin da za ka samu a wurin baƙo.

A gida ka cusa busasshen tishu a ciki har gaban yatsu, ka zuba ruwa a baho, ka tsoma takalmin yadda ruwan zai tsaya ƙasa kaɗan da inda haɗin harshen ya ƙare, ka ɗora dutse a ciki don kada ya taso. Bayan minti goma sha biyar ka ciro tishun ka duba. Inda ya jiƙe, nan ne ramin yake. Idan ya fito a bushe, saura rabin gwaji: ka sa takalmin da safa mai haske, ka tsaya a cikin bahon, ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa kamar sau hamsin, domin wani yoyon ba ya bayyana sai an lanƙwasa.

Ga masu SPD, ramin ƙusoshin ƙasa shi ne ƙofar ruwa ta farko a takalmin da ba a rufe wurin ba tun daga kamfani. Bayan ka ɗaura ƙarfen da makullin alan mai lamba 4, ka cire shimfiɗar tafin ƙafa, ka manne wurin da tef mai ƙarfi ninki biyu. Ka shafa wa ƙusoshin ɗan giris kafin ɗauri, in ba haka ba tsatsa za ta kama su kafin kaka, su ƙi kwancewa.

7. Toshe ƙofar sama

Mafi yawan waɗanda ke cewa takalminsu yana yoyo, ba ta jiki ruwan ya shiga ba, ta baki ya shiga. Ruwan sama yana bin ƙauri ya gangara, safa ta tsotse shi ta kai shi har yatsu. Maganin shi ne a jera kaya kamar yadda ake jera kwanon rufi, na sama ya hau kan na ƙasa: ƙafar wando ta sauko ta rufe wuyan takalmi, ba a cusa ta a ciki ba. A ɗaure ƙafar wandon dama da roba don kada sarƙa ta kama ta. Marufin taya mai tare laka a gaba, ko da na roba ne mai araha, yana rage feshin da ke zuba a ƙafa fiye da yadda ake zato.

Safar auduga ita ce babbar matsala, domin tana shan ruwa ta riƙe, ta goge fata har ta yi bororo. A nemi ta ulu marar kauri, ko ta zaren roba irin ta 'yan ƙwallo. Dabarar zura ƙafa a leda kafin a sa takalmi tana fitar da mutum idan ruwa ya tare shi a hanya kuma gida bai fi rabin awa ba, amma fiye da haka zufa za ta yi abin da ake gudun ruwa ya yi.

Gargaɗi: idan ka tsaya salla a hanya ka yi alwala, ka tsane ƙafa sosai da ƙyalle, har tsakanin yatsu, kafin ka mayar da safa. Danshin da ka shigar da kanka cikin irin wannan takalmi ba shi da hanyar fita da wuri.

8. Fita ta farko da tsallake ruwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ranar farko ta zama ranar da za ku yi doguwar tafiya. Ka zagaya unguwa ko hanyar Gubi na awa ɗaya, ka haɗa da ɗan hawa da ɗan taku a ƙasa, ka lura ko dunduniya tana ɗagawa, ko wuyan yana cin idon sawu, ko yatsu suna dukan gaba a gangare. Idan tafin sabon takalmin ya fi na tsohon kauri, ka ɗan ɗaga sirdi kaɗan, domin bambancin yana taɓa gwiwa.

Idan ka isa rafi, ka sauka ka auna zurfinsa da sanda. In bai kai haɗin harshe ba, ka taka a hankali ka wuce. In ya fi haka, ka cire takalmin da safa ka rataya a wuya, ka sa takalmin roba mai maɗauri da ya kamata ya kasance a jakarka, ka tsallaka, ka tsane ƙafa. Kada ka shiga da ƙafa tsirara saboda ƙaya da fasassun kwalabe, kuma kada ka daɗe a ruwan da ke kwance, domin ta fata ƙwayar cutar tsargiya ke shiga jiki. A ajiye busasshiyar safa guda a cikin leda kullum.

Gargaɗi: ƙoramar da ke gangarowa daga dutse takan cika cikin ƙanƙanin lokaci idan an yi ruwa a sama, ko da inda kake ba a yi ba. Idan ruwan ya yi ja yana gudu da kara da itace, ka jira ya janye ko ka juya.

9. Wanki, shanya da gyara

Da ka dawo, kada ka bar laka ta bushe a jiki, domin jar ƙasarmu idan ta shiga saƙar takalmi takan goge shimfiɗar a hankali. Ka cire igiya da shimfiɗar tafin ƙafa, ka wanke da ruwa zalla da burushi mai laushi. Idan dole sai da sabulu, ɗan kaɗan na ruwa ya isa, a ɗauraye sosai. Garin sabulun wanki mai ƙarfi yana cinye maganin da aka shafa a waje wanda ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. Idan ka ga ruwa ya daina dunƙulewa yana shiga fatar waje, akwai feshin da ake sayarwa domin sabunta wannan magani, kuma ana fesa shi ne a kan takalmi mai tsabta. Kada a shafa man shanu, man kaɗe ko basilin a kan mai saƙa, domin suna toshe hanyar da zufa ke fita.

Wajen shanya, ka cusa jarida a ciki, ka canza ta bayan awa biyu, ka sake canzawa kafin ka kwanta, ka ajiye takalmin a inuwa inda iska ke kaɗawa ko a gaban fanka. Kada a kai shi kusa da murhu, ko gawayi, ko bakin salansar janareta, kuma kada a ɗora shi kan kwano da tsakar rana. Zafi yana narkar da gam, yana kuma ɓamɓare tef ɗin da ya rufe ɗinki. Kafin ka sa shi da safe, ka kife ka kakkaɓe, domin kunama tana son wuri mai duhu da danshi.

Idan baki ya buɗe ka kai wa mai gyaran takalma, ka tsaya a kansa ka yi masa bayani da kyau cewa gam kawai kake so. Al'adar masu gyaranmu ita ce su zagaye takalmi da basilla da zare domin ya yi ƙarko, kuma a takalmin yau da kullum gaskiyarsu ne, amma a wannan kowane hudar basilla rami ne a jikin shimfiɗar. A wanke wurin, a bushe, a goge da sanfefa, a shafa gam a ɓangarorin biyu, a bari ya sha iska, a haɗa a ɗaure da robar tsohon tib ya kwana.

Idan damina ta wuce, ka wanke shi wankin ƙarshe, ka tabbatar ya bushe har ciki, ka cusa jarida, ka ajiye shi a ɗaki mai iska ba cikin leda ba. Ko da rani ka riƙa ciro shi kana takawa sau ɗaya a wata, domin soson tafin ya fi saurin ruɓewa a takalmin da aka jibge ba a motsa shi, sannan ka maimaita gwajin baho a watan Mayu kafin ruwa ya zauna.